Waƙa ɗaiɗai kafin kundi: yadda mawaƙan rok da fok masu cin gashin kansu ke fitar da sabon aiki

Duk daren Alhamis, da zarar sha biyu ta buga Juma'a ta shigo, sabbin waƙoƙi kan kwararo cikin Spotify da Apple Music da sauran manhajojin sauraro. Da manyan taurari da ƙaramin mawaƙin da ba shi da kowa sai jitarsa, duk rana ɗaya suke fitowa kasuwa. Tsarin bai wani daɗe ba. Kafin 10 ga Yuli, 2015, kowace ƙasa da ranarta: Amurka Talata, Birtaniya da Faransa Litinin, Jamus da Ostireliya Juma'a. Ƙungiyar IFPI da ke wakiltar kamfanonin waƙa ta duniya ce ta haɗe kowa a Juma'a, saboda kundin da ya fito a wata ƙasa yau, kafin ranar wata ƙasar ta zagayo masu kwafe sun riga sun baza shi a intanet.

Tun a lokacin Martin Mills, shugaban Beggars Group, rukunin kamfanoni masu zaman kansu da ke Landan, ya nuna fargabar cewa tara kowa a rana guda manya zai ƙara wa ƙarfi. A ganina bai faɗi ba daidai ba. Kamfanin Luminate mai ƙididdigar harkar ya ce a 2023 ana ɗora sabbin waƙoƙi sama da 100,000 a kowace rana. A cikin wannan turmutsutsu ne ƙungiyar samari huɗu daga Glasgow, ko wata baiwar Allah mai waƙa da jita a wani ƙauyen Kanada, za su nemi a ji muryarsu. Mai bibiyarsu zai lura da wani hali: a sanar da kundi, wato tarin waƙoƙin da ake fitarwa tare, yau, a ce sai bayan wata huɗu zai fito, kafin nan kuma a riƙa sako waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya har mutum ya ji kusan rabinsa. Ba jan rai ba ne kawai. Lissafi ne, kuma lissafin yana da ƙafa uku: yadda manhaja ke zaɓar waƙa, yadda ake raba kuɗin sauraro, da layin da ake bi a masana'antar buga faifai.

Su wane ne masu cin gashin kan?

Kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na kasuwar waƙar da aka naɗa a duniya. Duk wanda ba ya ƙarƙashinsu shi ake lissafawa mai zaman kansa, ko dai yana tare da ƙaramin kamfani, ko kuma shi ne kamfanin kansa, yana biyan dillalai irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby su ɗora masa waƙa a manhajoji.

Rok kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna da amo mai ƙarfi. Fok kuwa murya ce da jitar katako, wani lokaci da banjo ko gogen Turawa, ana rera waƙoƙin da aka gada ko sababbi da aka ɗora a kan salon na gado. Dukkansu biyu suna da tsohon tarihi da ƙananan kamfanoni. Topic Records na Birtaniya tun 1939 yake fitar da waƙoƙin fok. Moses Asch ya kafa Folkways a New York a 1948, ya fitar da kundi sama da 2,000, kuma da cibiyar Smithsonian ta karɓi kamfanin a 1987 an yi sharaɗin cewa ba za a daina samar da ko ɗaya daga cikinsu ba, ko da mutum biyu ne ke nema a shekara. A ɓangaren rok, ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta ranto kusan fam 500 daga dangi da abokai a farkon 1977 ta buga wa kanta faifai mai waƙa huɗu, abin da ya nuna wa matasa da yawa cewa ba dole sai da izinin babban kamfani ba. Daga nan aka samu ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade a Landan, Dischord a Washington a 1980, Sub Pop a Seattle, sai Merge da Matador a 1989. Ani DiFranco, mawaƙiyar fok, ta buɗe nata kamfanin a Buffalo a 1990 tana da shekara ashirin ko ƙasa da haka, ta kuma ƙi tayin manya shekara da shekaru.

Abin da ya bambanta waɗannan da manya yarjejeniya ce. Babban kamfani kan ba mawaƙi kuɗi masu kauri tun farko, ya mallaki ainihin sautin da aka naɗa, sannan ya cire bashinsa daga ɗan kason mawaƙin. Rough Trade da irinsa sun shahara da wani tsarin: a fitar da kuɗin da aka kashe, a raba ribar biyu. Yau ƙananan kamfanoni da yawa hayar kundin suke yi na wasu shekaru, bayan nan ya koma hannun mai shi. Sai dai katangar da ke tsakanin manya da ƙanana duk ɓula ce. Warner ya sayi kashi 49 cikin ɗari na Sub Pop tun 1995. The Orchard da AWAL, waɗanda ke rarraba wa dubban masu zaman kansu waƙa, mallakar Sony ne. Universal ya kammala sayen PIAS, kamfanin waƙa mai zaman kansa a da, a 2024. Mawaƙi na iya rantsuwa bai taɓa sa hannu da manya ba, alhali kuɗinsa ta taskarsu yake biyowa.

Aikin da waƙa tilo ke yi yanzu

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan garmaho mai ɗaukar kusan minti 22 a kowane gefe, shekara ɗaya bayan haka RCA ya kawo ƙarami mai waƙa ɗaya a gefe. Daga waɗannan biyu aka gaji kundi da waƙa tilo. A wancan zamani ƙaramin faifan haja ce mai zaman kanta, yara su tara kuɗin kashewa su saya. Yanzu ba mai sayen waƙa tilo sai ɗaiɗaiku. Ta koma ɗanɗanon da mai tsire ke yanko wa mutum a bakin tukuba, ba don ya ƙoshi ba, don ya tsaya.

Wanda ake so ya tsaya ɗin ma, da farko, ba mutum ba ne, manhaja ce. A Spotify mawaƙi na da damar gabatar da waƙa guda ɗaya tak daga aikin da bai fito ba ga ma'aikatan da ke haɗa manyan jerin waƙoƙi, kuma ana so ya yi hakan aƙalla kwana 7 kafin fitowarta. Idan ya yi, waƙar kan shiga Release Radar, jerin da kwamfuta ke haɗa wa kowane mai sauraro duk Juma'a daga mawaƙan da yake bi. To, wanda ya zubo waƙoƙinsa goma lokaci guda, damar nan sau ɗaya ya samu. Wanda ya saki huɗu ɗaiɗai kafin kundin ya samu sau biyar. Kowace saki kuma dalili ce ta aika wa gidajen rediyo da marubuta saƙo, ta sa sabon bidiyo, ta tuna wa mutane cewa ana nan.

Akwai wata dabarar da ta biyo baya. Idan za a saki waƙa ta biyu, sai a haɗa ta da ta farko a fito da su tare, ta uku ta zo da biyun baya, a haka har kundin ya cika. Kowace waƙa tana da lambar shaida da ake kira ISRC, kuma muddin ba a canza lambar da sautin ba, adadin sauraron da ta tara yana bin ta duk inda aka sa ta. Ranar da kundi ya fito, sai a gan shi da dubban sauraro tun awar farko, mai wucewa ya ɗauka ana rububinsa.

A nan ne rok da fok ke shan wahalar da mawaƙan raye-raye ba su cika sha ba. Masu wannan kiɗa da masu sauraronsa sun saba ɗaukar kundi a matsayin aiki guda, mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda aka ɓata makonni ana gardamar wace waƙa za ta bi wace. In an riga an ji huɗu daga cikin goma wata da watanni, ranar fitowar kundin armashinta ya ragu. Ga kuma ƙa'idar daƙiƙa 30: sai mai sauraro ya kai nan kafin a ƙirga masa sauraro ɗaya. Wannan kan tura mawaƙa su gajarta share fage su shiga amshi da wuri. Waƙar fok ta gado kuwa labari ce, takan ɗauki baiti goma sha kafin a ji abin da ya sami jarumin. Ƙungiyar Lankum ta Dublin, wadda ke tare da Rough Trade, ta buɗe tallar kundinta na 2023 da waƙar da ta haura minti 8, mai nauyi da sanyin jiki, kundin kuma ya shiga takarar lambar yabo ta Mercury a Birtaniya. Ana iya yi ke nan. Amma su Lankum sun shafe shekaru suna tara jama'a a ƙananan zaurukan wasa kafin su kai nan.

A da marubuta ne ke ɗaga irin wannan aiki. Shafin Pitchfork na Amurka, mai sharhin waƙoƙi, ya taɓa kai matsayin da yabonsa kaɗai kan cika wa ƙungiya zaure. A Janairun 2024 masu shi suka cusa shi ƙarƙashin mujallar GQ tare da sallamar ma'aikata. Abin da ya rage da tasiri shi ne gidajen rediyo irin su KEXP na Seattle da BBC 6 Music, da wasan Tiny Desk na gidan rediyon NPR na Amurka, kuma su ma ba kowa ke samun shiga ba.

Ina kuɗin yake?

Spotify ba ya biyan wani tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Yakan tara kuɗin rajista da na talla a kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu bisa uku ga masu haƙƙin mallaka, a raba gwargwadon kason kowa a jimillar sauraron watan. Ma'ana, mutumin da ya biya kuɗin wata bai saurari kowa ba sai wata mawaƙiyar fok guda, mafi yawan kuɗinsa ga manyan taurari zai tafi, domin su ke da kaso mafi tsoka a tukunyar. Ƙiyasin da masu harkar suka saba yi shi ne sauraro miliyan ɗaya kan kawo tsakanin dala 3,000 zuwa 5,000. A cire rabin kamfani, a cire na manaja, a raba saura tsakanin mutum huɗu, sai a ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma ƙungiyoyi nawa ne ke kai miliyan ɗin?

Daga Afrilun 2024 aka ƙara wani sharaɗi: waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba za a lissafa mata ko sisi daga kason sautin da aka naɗa ba. Hujjar kamfanin ita ce kuɗin irin waɗannan waƙoƙi 'yan kwabbai ne da ke maƙalewa wurin dillalai ba sa isa hannun kowa, kuma in an haɗa su sun kai kusan dala miliyan 40 a shekara da za a mayar wa waɗanda suka haye. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mawaƙin fok mai tsofaffin kundi shida, wanda kowace waƙarsa ke samun 'yan ɗaruruwa, yana kallo aka kwashe nasa aka ƙara wa na sama da shi.

Shi ya sa idon masu cin gashin kai yake kan faifai. Abin mamaki ne, amma faifan garmaho da aka yi wa jana'iza tun zuwan sidi ya dawo. Ƙungiyar RIAA ta kamfanonin waƙa na Amurka ta ce a 2022 a ƙasar an sayar da faifan garmaho miliyan 41, sidi kuma miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce tun 1987. Sabon faifai kan kai dala 25 zuwa 30. A ƙaddara mawaƙi ya sayar da guda a teburin bayan zaure bayan wasa, ya tsira da ribar dala 10: sai an saurari waƙarsa sau dubu biyu zuwa uku kafin manhaja ta ba shi hakan. Mutum 500 masu sayen faifai da riga sun fi masa mutum 50,000 masu wucewa ta jerin waƙoƙi ba su ma duba sunansa ba.

Faifan kuma shi ke yanke ranar fitowar kundi, abin da masu sauraro da yawa ba su sani ba. Masana'antun bugawa kaɗan ne, mafi girma ita ce GZ Media a Jamhuriyar Cek, sai irin su United Record Pressing a Nashville. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye Apollo Masters a Kalifoniya, ɗaya daga cikin wurare biyu kacal a duniya da ke yin farantin da ake fara sassaƙa sauti a kai, ɗayan yana Japan. Korona ta biyo baya, buƙata ta hau, manyan kamfanoni suka dawo da odar dubban ɗaruruwa. A 2021 an ruwaito cewa an buga wa shahararriyar mawaƙiya Adele faifai kusan 500,000 na kundi guda, yayin da ƙananan kamfanoni masu neman 500 ko 1,000 ke jiran abin da ya kusa shekara. Mawaƙin rok Jack White, wanda ya buɗe tasa masana'antar a Detroit a 2017, ya fito fili a 2022 ya roƙi manyan kamfanonin uku su gina nasu. Layin ya ragu daga baya, amma har yanzu sai an miƙa kundi watanni kafin a gan shi a kanti. Haka zaurukan wasa, tun da wuri ake kama ranaku. Watannin nan na jira su ne waƙoƙi ɗaiɗai ke cikewa, kowace ta fito da maɓallin sayen faifai tun kafin ya iso, kuɗin da aka tara a biya masana'anta da shi. Ƙungiyar Fleet Foxes ta karya tsarin a 2020, ta saki kundinta ranar Talata 22 ga Satumba bayan sanarwar kwana ɗaya, amma masu son faifai sai farkon 2021 suka riƙe nasu.

Wurin da ya fi kusa da zama gida ga waɗannan mawaƙa shi ne Bandcamp, shafin da ya fara aiki a 2008, inda mai sauraro ke sayen waƙa ko faifai ko kaset kai tsaye. Shafin kan ɗauki kashi 15 cikin ɗari a kan waƙar da aka sauke, kashi 10 a kan kayan hannu, mawaƙi kuma shi ke sa farashi, yana ma iya cewa kowa ya biya abin da ya sawwaƙa. Ranar 20 ga Maris, 2020, da korona ta rufe wasanni, shafin ya yafe kasonsa na yini guda, masu sauraro suka kashe dala miliyan 4.3. Daga nan abin ya zama al'ada a wasu Juma'o'i, har mawaƙa na daidaita sakin aikinsu da ranar. Sai dai gidan ya canza hannu sau biyu cikin wata goma sha takwas: Epic Games ya saya a Maris 2022, ya sayar wa Songtradr a kakar 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata.

Daga Sakkwato zuwa Matador

Akwai misalin da ya taɓo mu kai tsaye. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran murya na na'ura da waƙoƙin finafinan Hausa suka yi tashe da shi a lokacin. Ba kamfanin da ya fitar da shi. Ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka ratsa Sahara, daga Agadas har arewacin Mali. A can Christopher Kirkley, Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani tarin waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutane, sannan ya yi ta cigiya har ya samo mai ita. Sahel Sounds ya fitar masa da ayyuka har zuwa 2019, daga nan ya koma Matador, wanda ya fitar da kundinsa na 2021 da na Mayun 2024.

Duk matakan da aka zayyana a sama an bi su da shi: waƙa tilo da bidiyo watanni kafin kundi, faifai mai launi ga masu oda da wuri, sai dogon rangadi a Amurka da Turai, inda ainihin abincin ƙungiyar yake. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya same su suna Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar uku na ƙungiyar suka kasa komawa gida, har sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. A zaman jiran ne suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin sabon kundin da jitar katako, aka fitar da wannan a farkon 2025. Waƙoƙi iri ɗaya, sau ɗaya da amon rok, sau ɗaya da sanyin fok, kowane da faifansa da ranar fitowarsa.

Masu juya wa manhaja baya

A tsakiyar 2025 wasu ƙungiyoyi suka fara kwashe waƙoƙinsu daga Spotify, bayan kamfanin zuba jari na Daniel Ek, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa manhajar, ya jagoranci zuba yuro miliyan 600 a Helsing, kamfanin fasahar yaƙi na Jamus. Deerhoof na cikin na farko, sai King Gizzard and the Lizard Wizard ta Ostireliya, ƙungiyar da ta taɓa fitar da kundi 5 a shekarar 2017 kaɗai. King Gizzard ta ɗora ayyukanta a Bandcamp ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama, suka mamaye jerin waɗanda aka fi saye a shafin.

An yaba musu, kuma sun cancanta. Amma a dubi su wane ne ke iya fita. King Gizzard na cika manyan filaye, tana da masoyan da ke sayen kowane faifai da ta buga. Deerhoof ta faɗa da bakinta cewa kuɗin Spotify ba wani kaso ne babba a abin da take samu ba. Sabuwar ƙungiyar da ba a sani ba ba ta da wannan gata, domin mai ba da zaure da mai shirya biki sukan duba adadin masu sauraronta na wata a manhajar kafin su amsa saƙonta. Tana zaune a can ba don kuɗin ba, don lambar.

Misalin da aka fi kawowa na wanda ya yi nasara ba tare da bin layin ba shi ne Cindy Lee, sunan da mawaƙin Kanada Patrick Flegel ke aiki da shi. A Maris 2024 aka saki kundi mai waƙa 32, tsawon awa biyu, babu waƙa tilo, babu talla, babu Spotify, sai bidiyo guda a YouTube da wani shafi mai kama da na shekarun 1990 inda ake saukewa a ba da abin da ya samu. Pitchfork ya ba shi maki 9.1 cikin 10, daga baya ya zaɓe shi kundin shekara. Flegel dai ba baƙo ba ne, tun 2008 marubuta suka san sunan a ƙungiyar Women ta Calgary, kuma su ne suka fara yayata aikin. Bayan wasu watanni kundin ya shiga Bandcamp, a farkon 2025 kuma wani ƙaramin kamfani ya buga shi a faifan garmaho, guda uku a kwali ɗaya.